Kafin a kawo sabuwar na'ura bakin iyaka, wa aka tambaya?

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin hanyar Ƙonni zuwa Illela, ko ta Ɗan Issa zuwa Jibiya, ya san irin ranar da muke nufi. Jami'in duwan yana zaune a ofishinsa, mai cika takardu yana nan, kuɗi suna aljihu, kaya kuma babu wani haramtacce a cikinsu, amma mota ba za ta motsa ba. In ka tambaya sai a ce maka babu rezo, ko a ce na'ura ta ƙi karɓar takardar. Idan atamfa ce a cikin motar, to da sauƙi, asarar kwana ce da kuɗin abincin direba. Idan kuwa albasa ce ko tumatir ko dabbobi, kowace sa'a da ta wuce a cikin rana dukiya ce ke narkewa a gaban mai ita.

A gidan rediyonmu mun sha karɓar kiran masu saurare a kan wannan matsala, kuma kusan kowa na'urar yake tsine wa. To amma na'ura mai ƙwaƙwalwa ba ta da ra'ayin kanta, abin da aka tsara mata shi take bi. Kafin a rubuta kowane tsari na kwamfuta, akwai wani aiki da masana ke kira tattara buƙatu, wato a zauna da mutane a ji yadda suke aikinsu da abin da suke so tsarin ya yi musu. Kafin wannan ma akwai matakin da ya riga shi, shi ne a gano su wane ne masu ruwa da tsaki, a rubuta sunayensu. Wanda sunansa ya shiga wannan takarda ta farko, za a ji ta bakinsa. Wanda aka manta da shi, ranar da na'ura ta fara aiki ne zai tarar babu gurbinsa a cikinta. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana ke nan, domin tsare-tsaren nan ba su ƙare zuwa ba, kuma 'yan kasuwar kan iyaka su ne aka fi mantawa da su.

Asalin na'urar duwan

Tsarin da jami'an duwan na Nijar ke aiki da shi, wanda ake kira SYDONIA da Faransanci, ASYCUDA da Ingilishi, ya samo asali ne a 1981. A shekarar ce ƙungiyar CEDEAO ta nemi hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato CNUCED, ta taimaka wa ƙasashenta wajen tattara alƙaluman kayan da ke shiga da fita. A lura da kyau, masu buƙatar farko gwamnatoci ne, kuma abin da suke nema shi ne ƙididdiga da kuɗin shiga na baitulmali. Wannan ba laifi ba ne, kuma ba za mu ƙi faɗin gaskiya ba, tsarin ya kawo gyara. A da takarda kan ɓace a cikin durowa, kuɗin fito kuma ya danganta da wanda ka tarar a kan kujera. Amma dai tun daga tushe an gina shi ne da idon ofis, da na babban mai shigo da kaya wanda ke da kwantena guda, takarda guda, suna guda.

A 2019 aka ƙaddamar da wani tsarin a Abijan mai suna SIGMAT, domin haɗa na'urorin duwan na ƙasashen yammacin Afirka, ta yadda bayanin motar da ta ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa zai riga ta isa iyakar ƙasa ta gaba. Najeriya ita ma ta yi amfani da ASYCUDA, daga baya ta koma NICIS, sannan a 2024 ta fara gwada nata tsarin na gida mai suna B'Odogwu a Legas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye, an yi zaman tattara buƙatu kafin a yi shi. Mai karatu ya tambayi kansa ko ya taɓa jin an kira wani daga cikin kasuwarsu.

Abin da ya faru a Gana ya isa misali. A watan Yuni na 2020 hukumar tara kuɗin shiga ta ƙasar ta maye gurbin tsohon tsarin GCNet da wani sabo mai suna ICUMS a tashar jiragen ruwa ta Tema, wanda aka gina bisa fasahar Koriya ta Kudu. Makonnin farko kaya suka taru a tasha, masu fitar da kaya suka yi ta kuka cewa ba su iya kammala takardu, kuɗin ajiya kuma yana ta hawa a kansu. Daga baya al'amura sun daidaita, tsarin ya zauna. Amma kuɗin da mutane suka biya a waɗannan makonni daga aljihunsu ya fita, kuma tashar Tema ba ta Gana kaɗai ba ce, 'yan kasuwar Nijar da Burkina Faso da Mali ma suna sauke kaya a can. Idan haka ta faru da manyan ejan-ejan masu ofis da kwamfuta da ƙungiya mai rajista, ina ga mai buhu ashirin?

A bi buhu, a ƙirga hannuwa

Masu wannan sana'a ta tsara na'ura suna da wata dabara mai sauƙi da kowa zai iya ganewa. Maimakon a zauna a ofis a lissafo manya, sai a ɗauki abu ɗaya, takarda ko kaya, a bi shi daga inda ya taso har inda ya sauka, duk hannun da ya taɓa shi a rubuta. Kuma duk wanda aka zanta da shi, kafin a rabu a tambaye shi: bayan kai, wa ya kamata mu gani? Ana ci gaba da haka har sai sababbin sunaye sun daina fitowa.

To mu gwada da buhun albasa daga Galmi zuwa Ankara. Manomi ya kawo ta, amma sau da yawa ba shi ke yin ciniki da baƙo ba, dillali ne, kuma la'adarsa tana cikin kuɗin. Baƙon da ya zo saye yana da fatoma, mai masaukinsa, wanda shi ne ke tsaya masa idan kuɗinsa bai cika ba. Ga masu zuba albasa a buhu su ɗinke bakinsa, ga 'yan dako masu lodi. Ga ɗan kamasho da ya samo mota. Ga direba da yaron mota, waɗanda su ne za su kwana a hanya su tsaya a gaban kowane shinge. Ga mai cika takardun duwan a wannan iyaka, da wani daban a iyaka ta gaba. Ga jami'in da ke duba lafiyar amfanin gona, ga mai karɓar harajin ma'aikatar magajin gari. Ga ɗan canji da zai mayar da sidi zuwa sefa. A can ƙarshe kuma ga wani fatoman a kasuwar albasa ta Ankara, wadda aka tayar daga Agbogbloshie aka mayar Adjen Kotoku a 2021. Mun haura mutum goma sha biyu ke nan, alhali buhu ɗaya muka bi.

Yanzu a duba abin da na'ura ke tambaya. Tana son sunan mai kaya guda ɗaya, da lambarsa ta haraji, wato NIF, da nauyin kaya a kilo, da takardar shaidar ciniki. Amma kowa a cikinmu ya san motar albasa ɗaya kan ɗauki kayan mutum biyar ko goma, kowa da alamarsa a jikin buhu, wani da jan fenti, wani da baƙi. Wasunsu ba su da lambar haraji, ba su kuma taɓa shiga ofishin da ake bayar da ita ba. Nauyin buhu ba ɗaya ba ne, ya danganta da kaka da wanda ya cika shi. Takardar ciniki kuwa sau da yawa babu ita, domin an ɗauki kayan bashi ne bisa amana, sai an sayar a biya. Saboda haka dole a nemo mutum ɗaya mai takardu a sa kayan kowa da sunansa, a biya shi ladan aron suna. A cikin na'ura wannan mutum shi ne babban ɗan kasuwa. Masu kayan na gaskiya ba su ma wanzu ba. Ranar da motar ta yi haɗari, ko aka riƙe ta, ko gwamnati ta ce za ta tallafa wa masu fitar da albasa, sai a duba na'ura, a ga sunan da ba shi ne ya yi asara ba.

Da an zauna da dillali ɗaya da direba ɗaya na rabin yini kafin a rubuta tsarin, da an ji wannan. Ƙara gurbin masu kaya da yawa a mota ɗaya tun tsari yana kan takarda abu ne na ɗan lokaci. Ƙara shi bayan an gama, an horar da jami'ai, an haɗa shi da na ƙasashe maƙwabta, aiki ne na watanni da kuɗi mai yawa, kuma galibi ba a yi.

Akwai kuma waɗanda ba sa ma shiga layin manyan motoci. Matan da ke tsallaka iyaka ranar kasuwa da tabarmi ko ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa, 'yan kabu-kabu, masu amalanke. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kusan kilomita 1,500, kuma kasuwancin da ke ciyar da garuruwan da ke bakinta irin wannan ne, ƙanana amma kullum. Idan aka yi taro, wa ke wakiltar waɗannan mata? Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa namiji ne, Alhaji ne mai shaguna, kuma ko da yana da kyakkyawar niyya bai san abin da mace mai kwando biyu ke gamuwa da shi a shinge ba. A kudanci da gabashin Afirka, ƙungiyar COMESA ta fito da wani sauƙaƙen tsari domin masu ƙananan kaya, wanda ya fara aiki a 2010 a iyakokin Zambiya da Malawi da Zimbabuwe. An yi musu gajeriyar takarda, aka kuma ajiye wani jami'i a bakin iyaka mai taimaka musu wajen cika ta. Abin da ya taimaka a can shi ne masu ƙananan kayan suna da ƙungiyoyinsu na kansu da ke zuwa teburin shawara.

Wanda zai yi asara shi ma mai ruwa da tsaki ne

Wannan ita ce maganar da ba a son faɗi a wurin taro. Duk tsarin da ya rage takarda ya kuma rage tsayawa, to ya rage wa wani abinci. Akwai mai rubuta wa mutane takarda a gindin bishiya, akwai mai aron suna da muka ambata, akwai kuma masu karɓar na goro a hanya, abin da har ƙungiyar UEMOA ta kafa wani sashe na musamman domin ƙirga shingaye da kuɗin da direbobi ke biya ba bisa ƙa'ida ba. Ba mu ce a saka wa mai cin hanci ba. Abin da muke cewa shi ne mai tsara na'ura da bai san da waɗannan mutane ba, zai yi mamakin yadda na'urarsa ke yawan lalacewa a wasu wurare. Ba kowane "babu rezo" ne rashin rezo ba. Shi kuwa mai rubuta takarda da halalinsa, in an kira shi tun farko aka koya masa, shi ne zai zama mai shigar wa jama'a bayanai, maimakon ya zama mai zuga su su ƙi tsarin.

Wutar lantarki ma tana da nata hannun a ciki. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Kafin wannan, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Rufe iyakar Benin daga 2023 ya karkatar da kayan Kwatano zuwa Lome ta cikin Burkina Faso, sannan a watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina suka kammala ficewa daga CEDEAO. Wanda ke ofis a babban birni yana iya ɗaukar waɗannan a matsayin abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba. Direban da ya kwana a Gaya ko Ƙonni a waɗannan shekaru zai faɗa masa cewa tsarin da bai tanadi ranar da babu wuta, ko ranar da hanya ta sauya ba, bai san iyakar nan ba.

Kilo da tiya

Ba a duwan kaɗai abin ya tsaya ba. Tun 1989 Nijar take da tsarin tattara farashin kasuwanni, wanda aka sani da SIMA, kuma yana bin har kasuwannin ƙetare irin su Jibiya da Illela da Malanbil. Aiki ne mai amfani, musamman ga hukuma da masu ba da agaji, domin tashin farashin hatsi shi ne alamar farko ta yunwa, kamar yadda aka gani a 2005. Mu ma a rediyo mun daɗe muna karanta farashin kasuwa ga masu saurare. To amma alƙaluman hukuma da kilo suke zuwa, mutanenmu kuwa da tiya da buhu suke ciniki. Sai mun zauna da alƙalami mun juya, a kan lissafin buhun hatsi mai kilo 100 yana cin tiya 40, sannan mai saurare ya gane. Kuma kafin farashin ya zo hannunmu, ɗan kasuwa ya riga ya ji na yau daga bakin ɗan'uwansa ta salula.

Wata mai bincike 'yar Amurka, Jenny Aker, ta yi nazarin kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari bayan gari. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda wayar ta isa. Babu wanda ya koya wa 'yan kasuwa wannan a wurin taro. Wayar ta dace da yadda suke aiki ne, da baki, da Hausa, da wanda suka amince da shi.

Mun taɓa halartar wani taro da wani poroje ya kira domin jin ra'ayin 'yan kasuwa a kan tsarin aika farashi ta saƙon salula. An yi shi a zauren otel, da Faransanci, kuma aka sa shi daidai ranar da babbar kasuwar yankin ke ci. Waɗanda suka zo su ne waɗanda ba su da abin yi a kasuwa ran nan: wakilan ofisoshi, da shugabannin ƙungiyoyi, da mu 'yan jarida. Aka ci abinci, aka sa hannu a takardar halarta, aka rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Da tsarin ya fito, saƙon rubutu ne da boko, alhali da yawa daga cikin dillalan da aka yi dominsa ajami suke karantawa, wasu kuma ba sa karatu sam. Bai daɗe ba ya mutu. A yau saƙon murya na WhatsApp ne ke wannan aiki a kasuwannin, ba tare da poroje ba.

Batun harshe ya ƙara nauyi tun da kundin da Nijar ta amince da shi a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Idan haka ne, babu hujjar a ci gaba da kiran taron jin ra'ayin 'yan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da harshen da akasarinsu ba sa ji.

Haƙƙi ne, ba alfarma ba

'Yan kasuwa da yawa suna ɗaukar kiran taro a matsayin karramawa daga hukuma. Ya kamata a sani cewa akwai yarjejeniyar sauƙaƙa kasuwanci ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairu 2017, kuma Nijar da Najeriya duk sun amince da ita. Sashenta na biyu ya nemi a ba 'yan kasuwa dama da lokaci su faɗi ra'ayinsu kafin a sauya dokokin fiton kaya, a kuma riƙa tuntuɓar juna tsakanin hukumomin iyaka da 'yan kasuwa a kai a kai. Ta kuma ce kowace ƙasa ta kafa kwamitin ƙasa na wannan aiki. Ƙofar tana nan ke nan, sai dai masu shiga ta su ne masu ofis a Yamai da Abuja.

A nan laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa aka aiko da takardar gayyata kasuwa, shugabanni suka tura wanda ya iya Faransanci maimakon wanda ya san aikin, ko suka tura ɗan'uwansu saboda kuɗin zama? Sau nawa kuma ɗan kasuwa ya ɓoye yadda yake aiki, don tsoron kada bayanin ya koma hannun masu haraji? Tsoron yana da dalili, kuma shi kansa buƙata ce da ya kamata a faɗa a fili a rubuta: wa zai ga bayanan da muka bayar, kuma me za a yi da su? Amma wanda ya yi shiru a ranar tambaya, tsarin da za a kawo masa an gina shi ne a kan zato.

Shawararmu ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi ita ce kada a jira sai masu na'ura sun zo. Kowace kasuwa ta zauna ta bi nata buhun, ko tata saniyar daga kara har mota, ta rubuta hannuwan da ke ciki, da Hausa, da boko ko da ajami, ta ajiye. A sa dillalai a ciki, da direbobi, da 'yan canji, da 'yan dako, mata kuma su zaɓi tasu wakiliyar da kansu. Ranar da aka zo da maganar sabon tsari, sai a miƙa wannan takarda a ce ga mutanen da za ku gani, kuma a cikin kasuwa za ku gan su, ba ranar da take ci ba. A nemi su zo su tsaya a tashar lodi su ga yadda ake yi da idonsu, domin abin da mutum ke faɗa a zaure daban yake da abin da hannunsa ke yi. A kuma nemi a gwada tsarin a iyaka ɗaya tukuna, tsohon yana aiki a gefe, kafin a rufe shi.

In an zauna, kada a tashi sai an sami amsar wannan a rubuce, da sa hannun mai amsawa: ranar da babu rezo, kuma ga motar albasa a rana, wace takarda ce za ta sallame ta, kuma wane jami'i ne ke da ikon sa mata hannu?